Layin da Na Manta a Na'ura Ta Uku

Shekarar da citta ta ruɓe a ƙasa, ina zaune a Kafanchan ba ni da wani tsayayyen aiki. Na gama karatun kwamfuta, na yi hidimar ƙasa, na dawo na kama ɗaki ɗaya, ina buga wa majami'u takardun sujada da na biki. A ƙauyenmu kuwa, can gefen Samaru Kataf, ganyen citta ya yi rawaya tun damina ba ta yi nisa ba, da aka tona sai wari. Mamata ta rasa 'yan kunyoyinta na bayan gida. Kawuna, yayan mamata, wanda bai san wata sana'a ba sai noman citta, ya tona gona uku bai cika buhu ba. Abin da ya fi ci wa mutane rai shi ne iri. Da citta ake shuka citta, wanda tasa ta ruɓe ba shi da abin da zai sa a ƙasa baɗi.

Da rani ya shigo sai wata ƙungiya mai taimakon manoma ta ce za ta raba iri mai lafiya, amma sai wanda aka yi wa rajista. Suna neman wanda zai kula da manhajar rajistar daga nan yankinmu, na nema, aka ɗauke ni. Shugabata tana Kaduna, sau ɗaya muka taɓa haɗuwa ido da ido, sauran duk ta waya. Madam nake ce mata.

Yadda abin yake ba wuya. Ma'aikata suna zagawa ƙauyuka da wayoyi, su rubuta sunan manomi da unguwarsa da girman gonarsa da lambar waya, su ɗauki hotonsa ya sa hannu, su aika. Manhajar tana da sassa uku: ɗaya ya karɓi abin da aka aiko, ɗaya ya adana shi a rumbun bayanai, ɗaya kuma ya tura wa manomin saƙo cewa an yi masa rajista. Ba a kan kwamfuta ɗaya take aiki ba. Manyan na'urori uku ne a wani wuri mai nisa da ban taɓa gani ba, suna raba aikin tsakaninsu, duk rajistar da ta shigo sai a miƙa ta ga wadda take da sarari. Aikina shi ne saiti, wato fayil ɗin da ke gaya wa manhajar inda za ta ajiye abu da yadda za ta yi. Fayil ɗin yana da saitin gaba ɗaya a sama, a ƙasa kuma kowane sashe yana iya samun nasa. Idan na sama da na ƙasa suka saɓa, na ƙasa ake bi. Wannan na san shi sarai, har na taɓa yi wa Madam bayaninsa.

Kafin a fara, na yi makonni ina gwaji da sunayen ƙarya. Don kada su gauraya da na gaske, na buɗe wani rumbu daban na gwaji, na saita shi ya riƙa share duk abin da ya kwana goma a ciki, sau ɗaya kowace awa. Ranar da aka buɗe rajista na canja adireshin da ke sama zuwa rumbun gaske, na gwada sau biyu, sunayen suka shiga. Madam ta rufe saitin da makulli. Daga ranar ina iya gani amma ba na iya canja komai, ko kwafe bayanan manoma, sai da wata lamba da ke zuwa wayarta.

Makonni uku ana rajista. A gida kuwa na zama abin nunawa. Matan zumuntar majami'a suna ce wa mamata 'yarta ce ke riƙe da sunayen mutane duka. Ban musa ba, daɗi nake ji.

Lahadin da aka manna jerin sunayen kowace unguwa a ƙofar majami'u, na je gida sujada. Da aka tashi, wajen sha ɗaya da rabi, mutane suka yi cincirindo a jikin bango. Ina gaisawa da matar fasto sai na ga Kawu ya nufo ni, wayarsa ƙarama a hannu. Hausar Kawu ba ta raba mace da namiji, kowa kai ne a bakinsa.

"Zo ka duba mini," in ji shi. "Idona ne ko kuwa? Ban ga sunana ba."

Na bi takardar da yatsa daga sama har ƙasa, na sake. Babu. Ya miƙo mini wayar, ga saƙon nan ɓaro-ɓaro, an yi maka rajista, mun gode. Ni na rubuta waɗannan kalmomin da hannuna.

Na ce, "Kawu, wataƙila wurin bugawa ne aka tsallake."

Kafin in rufe baki wata gwauruwa ta ce ita ma babu nata. Sai wani dattijon ikkilisiya, sai matar makwabcinmu. Kowa yana ɗaga waya. Na ce duk wanda ya sami saƙo ya tsaya gefe guda, wanda bai ga sunansa ba ya ɗaga hannu. Na dubi hannuwan, na dubi mutanen. Kusan ɗaya cikin kowane uku.

Nan take na gane. Na'urori uku ne. Na tuna wata ranar gwaji da na'ura ta uku ta yi ta ba ni wahala, na shiga ƙasan fayil ɗinta, a sashen adanawa, na rubuta adireshin rumbun gwaji kai tsaye don in huta. Ban tuna na goge wannan layin ba. In kuwa yana nan, duk rajistar da ta faɗa hannun na'ura ta uku rumbun gwaji ta tafi, sashen saƙo kuma ya yi aikinsa daidai ya ce wa mutum an gama. Sai na tuna da sharar kwana goma. Na lissafa baya da yatsuna a cikin gyale: kwana goma daga Lahadi, Alhamis ke nan, ranar kasuwarmu, ranar da ma'aikata suka kafa tebur a gindin mangwaro mutane suka yi layi tun hantsi har la'asar. Babu ranar da aka yi rajista kamarta. Kowace awa da ta buga yanzu, ana share mutanen da suka tsaya a wannan layin a daidai wannan awar.

Kwamfutata tana Kafanchan.

Ban yi wa kowa sallama ba. Mamata ta biyo ni har bakin hanya tana tambaya da yarenmu ko wani ne ya mutu, na ce mata a'a, ta yi mini addu'a kawai. Na hau babur zuwa Samaru, ina kiran Madam a hanya, wayar tana shiga ba a ɗauka. A tasha na tarar da mota saura mutum biyu, Lahadi ce ba fasinja. Na roƙi direban ya tashi, ya ce in yi haƙuri. Ina zaune a gidan baya sha biyu ta buga. Na san wasu sun tafi, ban san su waye ba.

Muna hanya hadarin farkon damina ya haɗu. Ƙarfe ɗaya ta same mu ana tafiya a hankali, ruwa yana dukan gilashi, wata mata kusa da ni tana murna wai bana za a yi shuka da wuri. Na aika wa Madam saƙo ya fi goma. Na rubuta mata komai, ban ɓoye laifina ba, don na ga babu lokacin ɓoyewa.

Na isa ɗakina jiƙe sharkaf na tarar an ɗauke wuta. Na buɗe kwamfutar, batirin saura kaɗan, ga shi dama ya tsufa ba ya riƙe caji. Na rungume ta a cikin leda na fita. Shagunan layinmu duk a rufe, masu su sun tafi sujada ko suna hutun Lahadi. Janareto ɗaya nake ji yana ƙara, na wani dattijo Alhaji mai sayar da lemo da ruwan sanyi a bakin titi, wanda ban taɓa yi masa magana ba sai gaisuwa.

"Alhaji, don Allah ka taimake ni da wuta," na ce. "Aikin mutane ne zai lalace."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, bai tambaye ni komai ba. Ya zare wayar fankarsa daga soket, ya jawo mini akwatin lemo ya kife. "Zauna, 'yata."

A nan na zauna, tsakanin firji biyu, na haɗa kwamfutar da datar wayata. Netwok yana zuwa yana ɗaukewa saboda ruwan. Na buɗe fayil ɗin na'ura ta ɗaya, lafiya. Ta biyu, lafiya. Na buɗe ta uku na gangara ƙasa, ga shi nan, layi ɗaya tak a ƙarƙashin sashen adanawa, da adireshin rumbun gwaji. Har da ɗan rubutun da na yi a gefensa don tunatar da kaina: a cire kafin a fara.

Na leƙa rumbun gwajin. Sunayen mutane ne cike, sunayen da na sani, na unguwanninmu, na dangin babana, na Hausawa da Fulanin da ke noma a gefenmu. Na gwada tsayar da sharar, aka ce in sa lamba. Na gwada kwafewa, aka ce in sa lamba. Na danna a aika lambar, ta tafi wayar Madam a Kaduna, wayar da ba a ɗauka. Saura minti goma sha biyu ƙarfe biyu.

Abin da ya rage mini shi ne ido. Ina iya ganin sunayen shafi-shafi. Na jera su daga mafi daɗewa, na ɗauki wayata na fara ɗaukar hoton fuskar kwamfutar. Amma wayar ita ce ke ba ni netwok, duk sanda na ɗaga ta sai shafin ya tsaya yana juyawa. Na ɗauki shafi uku, na huɗu ya ƙi buɗewa. Ina kallo ƙarfe biyu ta cika. Da shafin ya buɗe, sunan da ke kan gaba ba shi ne na ɗazu ba.

Ban san na yi ƙara ba sai da Alhaji ya leƙo. Na yi masa bayani yadda zan iya, na ce sunayen masu neman irin citta ne ke gogewa kowace awa, ni ce kuma na jawo. Ya ciro wayarsa daga aljihu ya miƙo mini. "Ɗauki hoton da wannan, ki bar taki a ajiye." Ya ɗora tawa a kan taga inda ya ce netwok ya fi kamawa.

Haka na yi awa biyu da rabi. In danna, in jira, in ɗauka, in danna. Tsakanin shafi da shafi ina kiran Madam, ina kiran duk wata lambar ofis da nake da ita. Wani ya ɗauka ya ce yau Lahadi, in bari sai gobe. Na ce masa gobe babu abin da zai rage na Alhamis, ya ce shi ba ya riƙe da makullin. Na yi addu'a iri-iri a kan akwatin nan, wata ma ba ta da kalmomi, sunan Yesu kawai nake maimaitawa. Ƙarfe uku ta ci wasu da ban kai gare su ba. Kafin ƙarfe huɗu na riga sharar, na wuce ta da shafi biyu, sai netwok ya ɗauke gaba ɗaya na minti ashirin ta sake cim mini.

Huɗu da rabi wayata ta yi ƙara. Madam ce. Tana wurin bikin miƙa jaririn ƙanwarta ga Ubangiji a majami'a, wayar tana cikin jaka a mota.

"Na ga saƙonninki," ta ce. "Kada ki yi mini bayani yanzu. Me kike so?"

"Lambar, Madam."

Ta karanto mini. Na yi kuskure sau ɗaya wajen shigarwa, ta sake karantowa a hankali. Na fara tsayar da sharar. Na kwafe duk abin da ya rage zuwa rumbun gaske. Sannan na goge layin, na sake tayar da na'ura ta uku, na aika rajistar gwaji sau tara don in tabbata kowace na'ura ta karɓi rabonta, duka tara suka faɗa inda ya kamata. Gyaran bai kai minti biyar ba.

"Nawa suka tafi?" in ji Madam.

Na ce ban sani ba tukuna. Duk wanda na'ura ta uku ta karɓa a kwana goma sha ɗaya na farko, da wani ɓangare na ranar kasuwa.

Ta ce ranar Juma'a za a rufe jerin, motocin iri za su taso mako mai zuwa, kuma ba ta da ikon ɗagawa, don irin ba ya jira, ya riga ya fara tsiro a sito. Ta ce ita ma da nata laifin, da ta sa wani ya duba fayilolin kafin ta rufe. Ban ji sauƙi ba don ta faɗi haka.

Washegari na tuna da sashen saƙo. Shi yana ajiye lambar duk wanda ya tura wa saƙo, a wurinsa daban. Na gwada lambobinsa da na rumbun gaske, waɗanda suka rage su ne mutanen da na ɓatar. Lambobi ne kawai, ba suna, ba unguwa. Na fara kira ɗaya bayan ɗaya tun safe. Sai na gane abin da ban yi tunani ba: da yawa ba su da waya. Lambar fasto suka bayar, ko ta ɗa da ke Abuja, ko ta mai kanti. Wata lambar ta fito sau goma sha huɗu, na kira, wani mai wa'azi ne a ƙauyen da ke bayan dutse, ya ce ya tuna mutum tara, sauran sai ya tambaya. Wasu suka ɗauka 'yar damfara ce suka zage ni suka kashe. Wata tsohuwa ta ce ita ba ta jin Hausa sosai, na juya yarenmu, ashe nata daban ne, muka yi ta fama har jikarta ta dawo daga rafi.

Ma'aikatan rajista suka sake fita, amma su kaɗan ne, ruwa kuma ya fara ɓata hanyoyi. Na roƙi fastoci da limamai su yi sanarwa. Laraba na koma ƙauyenmu, aka tara mutane a harabar makaranta, na tsaya gabansu na ce ba gwamnati ba ce, ba kuma wani ne ya sayar da sunayensu ba, kamar yadda aka fara faɗa, har ana nuna wasu da yatsa. Na ce ni ce, na bar layi ɗaya a inda bai kamata ba. Wani ya yi tsaki ya ce yaran yanzu da kwamfutarsu. Gwauruwar nan ta ce, "To yanzu dai rubuta ni." Na zauna a benci na rubuta su da hannuna har rana ta yi sanyi, mamata tana tsaye a bayana.

Kawu bai zo ba. Ya tafi jana'izar surukinsa a wajen Kajuru tun Litinin, wayarsa kuma ba ta shiga. Shi yana cikin waɗanda suka yi rajista a makon farko, babu ko hoton sunansa a wayar Alhaji. Na san sunansa da unguwarsa, na ce wa Madam bari in shigar da shi da kaina. Ta ce ƙa'ida sai da hoton mutum da sa hannunsa, in ta buɗe wa kawuna ta buɗe wa kowa, kuma mutane sun riga suna zargi. Na yi kuka a waya, ta bar ni na gama, ta ce a'a. Na aika saƙo ta bakin direbobin Kasuwan Magani da ke bin wajen, bai same shi ba sai Juma'a da rana. Ya iso Asabar.

Yawancin waɗanda suka ɓata mun dawo da su. Ba duka ba. Ranar rabon iri na tsaya daga nesa ina kallon buhuna suna sauka, ana kiran suna ana amsawa. Kawu yana zaune a kan dakalin majami'a da hularsa a gwiwa, ya zo kallo kamar kowa. Da aka watse, mamata ta raba nata biyu ta kai masa rabi, dattijon ikkilisiya ya ƙara masa kwano biyu, gwauruwar ma ta kawo ɗan abin da ta iya. Duka bai wuce kunya kaɗan a bayan gida ba. Gonakinsa uku masara da dauro ya zuba musu a shekarar.

Na ɗauki makonni ban iya zuwa gidansa ba. Ranar da na je na same shi yana rufe 'yan kunyoyin cittar da ganye. Na durƙusa na gaishe shi, na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Na ji abin da ka faɗa a makaranta," ya ce. "Mamanka ya gaya mini." Ya ci gaba da shimfiɗa ganyen. Can ya ce, "Ni dai abin da ya dame ni, saƙon nan. Da bai zo ba, da na koma na sake yi."

Ya nuna mini tarin ganye a gefe, na cire takalmina na fara miƙa masa.

Ƙungiyar ba ta kore ni ba, na yi aiki da su har shirin ya ƙare. Na canja sashen saƙo yadda ba zai ce wa kowa an gama ba sai ya leƙa rumbun gaske ya ga sunan da idonsa. Akwai lambobi goma sha ɗaya da har aka rufe ban sami masu su ba, wasu a kashe, wasu ba a ɗauka. Ɗaya daga ciki ta kira ni da kanta bayan an yi girbi, muryar wani mutum daga wani ƙauye da ban taɓa zuwa ba. Ya ce ya ga kirana da yawa tun tuni, wayar ce ta faɗa ruwa sai yanzu ya gyara. Ya tambaye ni ko irin ya iso, don shi har yanzu yana jira a kira shi.